Bahasi ba tarin naƙali ba ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ƴan'uwa, kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini bahasinsa na kammala karatu, a kan zakkar amfanin gona a Nijar. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Larabcinsa tsaf, babu laifi. Amma na gaya masa gaskiya, kuma da izininsa nake maimaita ta nan, saboda ƙannensa masu tasowa.

Mu fara da muƙaddima. Aikinta shi ne ta faɗi tambayar da ake son amsawa da hanyar da za a bi. Ku dubi Imamu Muslim: kafin ya jero hadisan Sahihinsa, sai da ya bayyana irin maruwaitan da zai karɓa daga gare su da waɗanda zai bari. Shi kuwa namu, ya cika ta da falalar ilimi da godiya ga dangi. Tambaya fa? Babu.

A cikin babobin ya kawo cewa nisabi awsuƙi 5 ne, ushuri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga abin da aka sha wahalar ban ruwansa. Duk daidai ne. To amma ai wannan yana cikin Risala, ɗan makarantar dare ma ya haddace shi. Abin da manoma ke tsare ni da shi bayan sallar Juma'a daban ne. Malam, awsuƙi 5 ɗin nan tiya nawa ke nan? Wanda geronsa bai kai nisabi ba, dawarsa ma ba ta kai ba, zai haɗa su? A wurin Malikiyya ba a haɗawa. Mai noman albasa irin na Galmi fa? Imamu Malik bai ɗora zakka a kan ita kanta albasar ba, Imamu Abu Hanifa kuwa ya ɗora. Nan ne wurin bincike: a kawo hujjar kowa, a auna, a rinjayar. Da ya ɗauki sa'i ya je kasuwa ya gwada shi da tiya, wallahi da shafi ɗaya ya fi mana babi uku amfani.

Sai maganar madogara. Wurare da yawa abin da ya rubuta a ƙasan shafi shi ne "intanet". Wane marubuci, wane littafi, wane shafi? Madogara ita ce isnadin bahasi, da ita na bayanka zai bi sawunka ya gane inda ka dace da inda ka zame. Mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata a koya mana wannan ba.

A ƙarshe, maimakon ya ce ga abin da na gano, sai ya rufe da wa'azi. Wa'azi alheri ne, amma mumbari ne muhallinsa.

Kada a ce Malam ya tsananta. Gobe wannan yaro shi za a tambaya fatawa, kuma kuskure a ma'auni haƙƙin miskini ne ko na manomi. Na ce masa ya koma gona da kasuwa, ya yi alkawari. Allah Ya sa mu dace, amin.