Waya ta ga yadi, ba ta ga mai shi ba

A ƙasar Sikotilan, a arewacin tsibirin Birtaniya, akwai wani yadin ulu mai ratsin launuka tsaye da kwance wanda ake kira tartan, da shi ake ɗinka bujen nan da mazansu suke ɗaurawa ranar biki. Akwai kuma tambarin garkuwa, wato zanen zaki ko gaggafa ko tauraro bisa garkuwa, wanda manyan gidajen Turai suke sawa a ƙofa da hatimi tun ƙarni na 12. A da, mai son sanin sunan yadi ko mai tambari sai ya nemi masani ko ya buɗe kundi. Yau ana ɗaga wayar salula a ɗauki hoto, sai manhaja irin Google Lens, wadda ta fito a 2017, ta kawo suna kafin ƙiftawar ido. Mu malamai da ke ganin ɗalibai suna miƙa wa waya kowace tambaya, ya dace mu auna nauyin wannan amsa.

Sai mu fara da yadin. Abin da ke raba wani tartan da wani lissafi ne: zare nawa na shuɗi, nawa na baƙi, nawa na kore, da yadda suke bin juna har jerin ya juyo. Wannan lissafi shi ake rubutawa a rajistar tartan ta Sikotilan, wadda dokar 2008 ta kafa, ta fara aiki a 2009, kuma zane dubbai ne a cikinta. Ita kuwa manhaja launi take gani da fasali. Hasken fitila yana mai da shuɗi mai duhu ya koma baƙi, ninkin buje yana ɓoye rabin jerin, sannan masaƙu suna fitar da zane guda cikin rini mai kauri ko mai haske ko wanda aka yi kamar ya koɗe. Sai yadi ɗaya ya fito kamar uku, ko uku su fito kamar ɗaya. Har idan hoton ya yi kyau, rigimar ba ta ƙare ba. Zanen rundunar sojan Black Watch, mai shuɗi da kore da baƙi, shi ne kuma zuri'ar Kambel suke ɗaurawa a matsayin nasu. Wane suna waya za ta faɗa? Wanda ya fi yawa a shafukan masu sayarwa, domin daga can take kwaso hotunan da take gwadawa.

Babban abin da amsar take rufewa shi ne tarihi. Mai kallon allo zai ɗauka kowace zuri'a ta gaji zanenta tun kaka da kakanni. Yadin kam tsoho ne, an tono guntunsa a Falkirk wanda ya kai ƙarni na 3. Amma raba zane bisa sunan zuri'a aikin ƙarni na 19 ne. Bayan yaƙin Kuloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta hana mazan tsaunuka sa tufafinsu, in ban da sojoji, har zuwa 1782. A 1815 wata ƙungiyar ƴan tsaunuka da ke Landan ta roƙi shugabannin zuri'o'i kowa ya aiko da samfurin nasa yadi, aka tarar wasunsu ba su ma san suna da wani zane na kansu ba. Masaƙar Wilson ta garin Banokban tana da kundin zane wanda da yawansu lamba kawai gare su. Da sarki Joji na 4 ya ziyarci Edinbara a 1822, bikin da marubuci Walta Skot ya shirya, kowa ya tashi neman nasa, sai lambobi suka fara zama sunaye. Masanin tarihi Trevor-Roper ya kawo a 1983 labarin wani zane da aka taɓa sayar wa wani mai suna Kid don tufatar da bayinsa a tsibiran Karibiyan, daga baya aka laƙa masa sunan Makfason. A 1842 kuma wasu ƴan'uwa biyu suka buga Vestiarium Scoticum, suna cewa daga tsohon rubutu suka kwafo shi. Masana sun tabbatar jabu ne, amma zane da yawa daga cikinsa har yau ana ɗaura su da alfahari. Wannan bai rage wa mai ɗaurawa komai ba, shekara ɗari biyu ta isa ta mai da sabon abu gado. Sai dai manhajar da ta ce “Makfason” ta yi shiru ta sa baƙon da ya daɗe a gari ya zama kamar shi ya sari dajin.

A fagen tambari kuskuren ya fi muni, domin a can hoto ba shi ne hujja ba. Ana rubuta tambari da kalmomi, cikin wani harshe na musamman da ya samo asali daga tsohon Faransanci, inda gueules ke nufin ja, azur shuɗi, sable baƙi. Muddin mai zane ya bi kalmomin, yana da damar ya yi zakinsa siriri ko ƙato, garkuwarsa doguwa ko zagayayya. Hotuna biyu da ba su yi kama ba suna iya zama tambari ɗaya, biyu masu kamar tagwaye kuma su zama na mutum biyu, saboda ɗan jinjirin wata ko bakin layi da aka ƙara don bambanta ƙane da wa. Wannan ɗan ƙari shi ne ma'ana, kuma shi ne na'urar gwada kama take tsallakewa. Bayan haka, a Ingila da Sikotilan tambari na mutum ne da magajinsa, sunan dangi ba ya da tambari. Akwai hukumar tambura a Landan tun 1484, akwai kotun Lord Lyon a Edinbara mai rajista tun 1672, wadda har yanzu take da ikon hukunta wanda ya ɗauki tambarin wani. Shagunan da ke buga “tambarin danginku” bisa kofi da riga sun cika intanet da hotuna, kuma su ne malaman da waya ta yi karatu a gabansu.

Adalci ya sa a faɗi amfaninta. Tana gane tambarin ƙasa ko na birni ko na jami'a cikin sauƙi, domin hotonsu ɗaya ne ko'ina. Ka nuna mata namu na Nijar, mai rana da mashi da takubba da zangarniyar hatsi da kan sa, da wuya ta ɓata. Tana kuma ba baƙo bakin zare, wanda a da sai ya sha tafiya kafin ya samu. Manhajar Pl@ntNet, wadda masana tsirrai na Faransa suka ƙera, tana jero amsoshi tare da gwargwadon yadda ta amince da kowace, kuma wannan ladabi ne da ya kamata masu gane yadi da tambari su koya. Amma ganyen kuka na kuka ne ko wa ya faɗa, shi kuwa sunan yadi yarjejeniyar mutane ce, mai rana da dalili da wanda ya ci riba.

Saboda haka abin da za mu koya wa ɗalibi shi ne ya ɗauki sunan da waya ta ba shi kamar labarin kasuwa, ya je ya bincika: ya ƙirga zaren, ya duba rajista, ya tambayi wa ya raɗa sunan, a wace shekara. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirin ɗaukar hotunan saƙa da ɗinkin rigunanmu don adanawa su ma su lura, su rubuta sunan masaƙi da garinsa da wanda ya ba da bayani kusa da kowane hoto, tun masu sanin suna da rai.