'Yan Sanda Biyu a Mota Ɗaya: Fim ɗin da Kanawa Ke So, Kannywood Ba Ta Cika Yi Ba

Fim ɗin 'yan sanda biyu masu saɓanin hali reshe ne na fina-finan faɗa da barkwanci. Tsarinsa shi ne a haɗa mutum biyu da jininsu bai haɗu ba, a ɗora musu bincike ɗaya, a hana su rabuwa sai aikin ya kammala. Ɗaya yakan zama mai bin doka sau da ƙafa, ɗayan kuma mai zafin kai da yawan surutu. Ko a sami dattijo da matashi, ko ɗan gari da baƙo. Akwai bos da yaransa, akwai harbi da tseren motoci, amma hankalin mai kallo ya fi karkata ga abin da ke gudana tsakanin su biyun a cikin mota.

Masu bin tarihin fim kan kai asalin wannan tsari ga Stray Dog na Akira Kurosawa, wanda ya fito a Japan a 1949, inda wani sabon ɗan sanda da aka sace wa bindiga ya bi bayan wani tsohon hannu don nemo ta. A 1967 aka yi In the Heat of the Night a Amurka, Sidney Poitier ya fito a matsayin jami'in bincike baƙar fata da dole ta sa ya yi aiki da shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari mai wariyar launin fata. Waɗannan biyun ba na dariya ba ne. Barkwanci ya shigo sosai da 48 Hrs. a 1982, wanda a cikinsa Nick Nolte ya fito da Eddie Murphy daga gidan yari na kwana biyu don ya taya shi farautar wasu makasa. Daga nan ƙofa ta buɗe: Lethal Weapon a 1987, Tango & Cash a 1989, Bad Boys a 1995, sai Rush Hour a 1998.

Lethal Weapon, wanda Shane Black ya rubuta, Richard Donner ya ba da umarni, shi ne ya fi nuna inda ƙarfin irin wannan labari yake. Murtaugh, wato Danny Glover, magidanci ne da ya cika shekara 50, burinsa ya koma gida lafiya kullum. Riggs, wato Mel Gibson, matarsa ta rasu, rayuwa ta fita daga ransa, har yana ajiye da wani harsashi na musamman da ya tanada don kansa. Murtaugh bai so a haɗa su ba, don yana ganin an ba shi mahaukaci. Amma a tsakiyar fim ya kai shi gida suka ci abinci da iyalinsa, kuma a ƙarshe Riggs ya zo ƙofar gidan ya miƙa wa 'yar Murtaugh harsashin nan ta ba mahaifinta, alamar ya daina bukatarsa. Mutane da yawa sun manta wane ne bos ɗin fim ɗin da abin da yake fataucinsa, amma ba su manta da harsashin ba.

Rush Hour ya fi sauƙin nauyi. An sace 'yar ƙaramin jakadan Sin a Los Angeles, aka taso Sufeto Lee daga Hong Kong, hukumar FBI kuma ta sa wani ɗan sanda mai bakin tsiya, Carter, ya riƙa zagayawa da shi don kada ya sa hannu a binciken. A filin jirgi Lee ya yi shiru kamar ba ya jin Turanci, Carter ya yi ta ɗaga murya yana masa magana kamar da kurma, sai daga baya ya gane bawan Allah yana jin komai. Jackie Chan, wato Lee, yana magana da jikinsa, Chris Tucker, wato Carter, yana faɗa da bakinsa, kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa.

Masu kallo a Kano ba baƙin wannan tsari ba ne, sai dai ta Indiya ya fi zo musu. A zamanin silimomin Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, fina-finan Indiya da na Caina ne suka fi cika kujeru. Sholay na 1975 ya haɗa Jai mai shiru-shiru da Veeru mai rawar kai, ɓarayi biyu da wani tsohon jami'in 'yan sanda ya ɗauka su kamo masa Gabbar Singh. Main Khiladi Tu Anari na 1994 ya haɗa Akshay Kumar a matsayin sufeto mai ɗaure fuska da Saif Ali Khan a matsayin ɗan fim da ya manne masa don koyon yadda ake fitowa a ɗan sanda. Dhoom na 2004 ya haɗa jami'i Jai Dixit da Ali, bakaniken babur mai mafarkin aure a duk inda ya ga mace. Yau silimomin nan sun zama tarihi, amma fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, irin wadda Algaita ta yi suna a kai, ta mayar da fina-finan faɗa cikin wayar kowa. Ana zuwa wurin masu tura fim a cika memori da kuɗi kaɗan, a kalla a rumfar mai shayi ko a ɗakin samari.

Babban dalilin da ya sa wannan tsari yake shiga ran Bahaushe shi ne ya riga ya san shi a gida. Al'adar abokan wasa ta ginu a kan mutum biyu da aka yarje musu su tsokani juna, su faɗi maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ruwa rana, ba tare da zumunci ya taɓu ba. Haka ake tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarbawa, da taubasai a cikin dangi, da jika da kaka. A Nijar al'adar ta yi ƙarfin da UNESCO ta sanya ta cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam a 2014. Sharaɗin wasan shi ne duk zafin tsokana, ranar da abokin wasa ya shiga uku ba a guje masa. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan Rush Hour da Lethal Weapon. Mai kallo yana dariyar zagin da suke wa juna da kwanciyar hankali, domin ya tabbata idan harsashi ya taso ɗaya zai tare wa ɗaya.

Dalili na biyu ya fi fitowa fili a unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Waɗannan su ne wuraren da Kano ta fi haɗa mutanen da ba su zaɓi juna ba. A kamfanonin jimar fata da na robobi da na fulawa da na lemo, ana samun Bakano da Bayarabe da Ibo da ɗan Binuwai a kan inji ɗaya, sau da yawa a ƙarƙashin mai kamfani Kwara ko Ba'indiye ko ɗan Sin. Lokacin da masu aikin dare ke fita na safe ke shiga, bakin get yakan cika da masu kekuna da A Daidaita Sahu, mai ƙosai tana zuba wa wannan, mai shayi yana bin wancan bashin jiya, ana jifan juna da baƙar magana cikin Hausa da gurɓataccen Turanci. Direban tirela bai zaɓi yaron motarsa don halinsu ya zo ɗaya ba, haka mai gadin dare da abokin gadinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙirgi mai nauyi tare da mutumin da ba ya ƙauna, ya san amana tana iya riga so zuwa. Fim ɗin 'yan sanda biyu labarin wurin aiki ne kafin ya zama labarin bindiga, shi ya sa leburan da bai taɓa riƙe makami ba yake ganin kansa a ciki.

Abin takaici shi ne Kannywood ba ta cika cin moriyar wannan ba. Tun bayan Turmin Danya na 1990, masana'antar ta raba hanya biyu: fina-finan soyayya da rikicin gidan aure a gefe ɗaya, camama a ɗaya gefen. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya nuna cewa barkwanci yana sayar da fim shi kaɗai, kuma ya fi armashi idan yana da abokin cacar baki irin su Kulu ko Yautai. Kafin shi, Usman Baba Pategi ya shafe shekaru yana ba mutane dariya a cikin kaki da Hausar bariki a shirin Samanja. Wato akwai gwanayen tsokana, akwai kuma tarihin wasa da mai kaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da zai ɗauki barkwanci da bincike da muhimmanci a lokaci guda. A yawancin fina-finan Hausa ɗan sanda yakan bayyana ne a minti biyar na ƙarshe da ankwa a hannu, ko kuma a mai da shi sakarai mai karɓar na goro. A camama kuma babu haɗarin gaske, saboda haka dariyar ba ta da abin da take tsaye a kai.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce kuɗi: babu halin fasa motoci ko tayar da bam. Hujjar tana da rauni, domin mafi yawan abin da ake tunawa a waɗannan fina-finai hira ce tsakanin mutum biyu a mota ko a kan tebur, kuma wannan rubutu yake bukata fiye da jari. Wurin ɗauka ma yana nan. Durƙushewar masaƙu da wasu kamfanoni, saboda matsalar lantarki da shigowar kaya masu araha daga waje, ta bar manyan sito-sito da harabobi a Bompai da Sharaɗa waɗanda a Amurka sai an kashe maƙudan kuɗi kafin a gina irinsu. Hedikwatar 'yan sandan jihar Kano ma a Bompai take. Kuma da yake rundunar 'yan sandan Nijeriya ta tarayya ce, ana iya turo jami'i daga Inugu ko Ibadan a haɗa shi da ɗan asalin Fagge, ba sai marubuci ya ƙirƙiro dalili ba.

Laifukan da za a bincika ba sai an aro su daga Los Angeles ba. Akwai jabun kaya da satar fatu, akwai safarar ƙwayoyi da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Akwai dagwalon masana'antu da ke malala cikin rafukan Salanta da Getsi da kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa da shi. A watan Yunin 2020 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita tun lokacin kullen korona. Irin wannan lamari ba abin dariya ba ne, kuma fim mai kyau ba zai mai da shi abin dariya ba. Barkwancin yana zama a tsakanin jami'an biyu, laifin kuma a bar shi da nauyinsa.

Akwai abu biyu da bai kamata a kwaso daga Amurka ba. Na farko shi ne ɗaukaka ɗan sandan da ke dukan wanda ake tuhuma ko ya fasa gida ba da izinin kotu ba, a nuna shi a matsayin gwarzo. A ƙasar da ta ga zanga-zangar EndSARS a 2020, mai kallo ya san ɗacin wannan a jikinsa, don haka ya fi dacewa jami'i mai bin doka ya riƙa samun gaskiya a kan abokinsa a wasu wurare masu muhimmanci. Na biyu shi ne mayar da ƙabila abin ba'a ta fuska ɗaya. Fina-finan Hausa sun daɗe suna fito da Ɗan Gwari ko Ibo ko Bayarabe don a yi dariyar karyayyar Hausarsa kawai. A tsarin 'yan sanda biyu dole baƙon ya kasance yana da basirar da ɗan gari ba shi da ita, ya rama tsokana daidai wa daida, kuma wani lokaci shi ne zai warware ƙullin binciken. Sauran abin da ya rage na aiki ne: izinin rundunar 'yan sanda kan kaki da motoci, amincewar masu kamfanoni kafin a shiga harabarsu da kyamara, da tantancewar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001.