Saƙar Jarirai a Ƙasar Gobir: Hular da Ke Jiran Ranar Suna

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara gangarowa daga arewa ta bi fadamar Rima da ta Bunsuru, curin ulu kan bayyana a cinyar mata a Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ana hira a tsakar gida, ana jiran tukunya, hannu na ta tafiya da kwarashi. Abin da ake saƙawa kusan ɗaya ne ko'ina: hula, safa, 'yar rigar sanyi mai maɓalli a gaba, wani lokaci da wando, sai shawul ga wadda take da hali da haƙuri. A haɗa su launi ɗaya ko biyu, a naɗe cikin leda, a ajiye har ranar da za a kai barka ko a je suna.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan sana'a tamkar gadon kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Saƙar da Gobirawa suka gada ta auduga ce. Mace ta gurje iri, ta yi shiɓa, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi, ta fitar da zare siriri ko abawa mai kauri. Masaƙi namiji ya saƙa ƙyalle ƙyalle a haɗa su, ko mace ta kafa nata masaƙar a jikin bango ta fitar da zane mai faɗi. Daga nan gwado ya fito, daga nan majanyin da ake ɗaure goyo da shi ya fito. Jaririn wancan zamani ba ya da riga ta kansa a kwanakin farko. Tsohon zane mai laushi ake naɗe shi da shi, sauran ɗumin kuma daga jikin uwa da wutar ɗakin jego. Ulu kuwa ba namu ba ne tun asali, domin tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su gajere wanda ba ya kaɗuwa. A yammacin Afirka, Masina a ƙasar Mali ce ta yi suna da tumaki masu ulu na gaske, waɗanda Fulanin can ke saƙa barguna da gashinsu.

Saƙa da kwarashi da kibiya ta shigo ne ta ƙofar makaranta. Turawan mulki da 'yan mishan sun sa ɗinki da saƙa cikin darussan kula da gida na 'yan mata, kuma makarantar horar da malamai mata da aka buɗe a Sakkwato a 1939 tana cikin wuraren da irin wannan ilimi ya fara kama ƙasa a lardin. A ƙetaren iyaka, gidajen koyar da mata na zamanin Faransa da bayansa sun yi irin wannan aiki a Maraɗi. Amma yaɗuwar sana'ar zuwa ƙananan garuruwa ta zo daga baya, lokacin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, sa'ad da cibiyoyin mata suka bazu a ƙananan hukumomi, aka kawo kekunan ɗinki da injunan saƙa. Injunan da yawa sun lalace an rasa mai gyara, cibiyoyin ma wasu sun koma kango. Kwarashi ne ya tsira, don ba ya son lantarki, ba ya son kayan gyara, kuma yarinya na iya koyonsa a wurin yayarta cikin 'yan makonni.

Abin da ya sa baƙuwar sana'a ta zauna daram shi ne ta tarar da gurbi a buɗe. Yadin masaƙu na Kaduna da Kano, sannan na ƙasashen waje, ya kashe kasuwar kaɗi, hannun matan kulle ya zauna babu aiki a daidai lokutan da a da mazari ke juyawa. Saƙa ta cike wurin. Ta kuma tarar da biki, wato wannan bashin zumunci da ke tsakanin mace da ƙawayenta da danginta: kin kawo mini ran sunan ɗana, in rama miki da abin da ya fi ran naki. Baba ta Karo ta yi bayanin wannan al'ada a littafin tarihin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, kuma har gobe tana nan da ranta. Kayan saƙa sun dace da biki ƙwarai. Kuɗin zaren kaɗan ne in aka gwada da atamfa, amma kowa ya gani ya san an ɓata dare da rana a kansa. Matar da ba ta da abin sayen turmi tana iya shiga gidan suna da kanta a sama, ta miƙa ledarta ta ce, "Ga na jinjiri, Allah shi raya," a buɗe a gaban mata a yaba hannunta.

A ƙasar Gobir wannan zumunci bai san iyaka ba. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa, birnin sarautar Gobir, a 1808 Gobirawa suka rabu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni. Turawa sun ja layi tsakaninsu, aure da haihuwa ba su fasa ƙetare shi ba. Yarinyar da aka aurar a Gidan Rumji kan dawo gida Sabon Birni goyon ciki, gwaggonta ta taso daga Madarumfa da kayan barka. Salon saƙa ma haka yake yawo, shi ya sa za ka ga bakin hula iri ɗaya a garuruwan da kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

Hular ita ce ta fi cancantar a dube ta da kyau. Mai saƙa takan fara daga tsakiyar kai: ta yi 'yar sarƙa, ta haɗe bakinta ta zama zobe, ta riƙa zagayawa tana ƙara ido a kowane zagaye har faifan ya kai faɗin tafin hannunta. Daga nan ta daina ƙari, sai gefen ya fara lanƙwasowa da kansa ya zama ƙoƙo. Ba ta da ma'auni sai ido da dunƙulen hannu. Gwanaye kan bar bakin da ɗan sassauci su zura igiya, ko su fitar da kunnuwa biyu da za a ɗaure ƙarƙashin haɓa. Wadda ta ƙware tana gama hula tsakanin azahar da isha'i ba tare da ta bar aikin gidanta ba. Shawul ne mai cin makonni.

Wannan ƙaramin abu yana da amfanin da ya wuce ado nesa ba kusa ba. Jariri na fitowa ne a jiƙe daga wuri mai ɗumi, ba ya da kitsen kirki, ba ya iya rawar sanyi ya ɗumama kansa kamar babba, kuma kansa babba ne in aka gwada da sauran jikinsa, don haka zafi mai yawa ta nan yake fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka an shiga haɗari, nono ya gagara kamawa, numfashi ya rikice, cuta ta sami hanya. Shawararta ita ce a goge jariri nan take, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe masa kai, a jinkirta wanka har awa 24. A jihar Sakkwato, inda binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, wannan shawara ba likita ne zai aiwatar da ita ba. Ungozoma ce da kaka, a ɗakin ƙasa, sau da yawa da tsakar dare, a watan da sanyin asuba ke sa babba ma ya nemi wuta.

To, a nan ne nake ganin al'adarmu ta saƙa ta yi kuskuren lokaci. Hular tana nan, an saƙa ta da kyau, amma tana cikin leda a gidan ƙawa, tana jiran kwana na bakwai. A ranar suna ne, bayan an yanka rago wanzami ya yi aski, ake fito da jariri cikin sabon saƙi a zagaya da shi hannu hannu. Alhali sa'o'in da suka fi hatsari su ne na farko, sannan kwana biyu uku da ke biye. A daidai wannan lokaci abin da jariri ke samu shi ne wanka da soso da sabulu, wani lokaci har sau biyu ko uku, saboda imanin cewa wanda ba a cuɗe shi sosai ranar haihuwa ba zai tashi da ƙarni. Ana fito da shi daga ruwa a naɗe shi da zane, kai a buɗe.

Dalilin jinkirin ba sakaci ba ne, kuma bai kamata a yi masa kallon jahilci ba. Kunya ce da tsoro. Mai cikin fari ba ta ko ambaton cikinta, balle a gan ta tana saƙa wa abin da ke ciki hula. Manya kuma na ƙin a yi wa abin da bai zo ba tanadi a fili, don sun sha ganin ciki ya zube, sun sha binne jariri kafin suna, ba sa son a tara kayan da za su zama abin kuka. Duk wanda ya san yawan jariran da ake rasawa a wannan yanki zai fahimci wannan kamun kai. Sai dai al'adar da kanta ta bar ƙofa: abin da uwa ba za ta yi ba, kaka tana yi. Ita ke tanadin kanwar kunu da itacen wankan jego tun ciki na wata bakwai, ba wanda ya ce ta yi azarɓaɓi. Hula biyu da safa a ƙasan kwallarta ba su fi itacen nan tona asiri ba.

Akwai kuma maganar zaren kansa. Abin da muke kira ulu a kasuwar Shinkafi ko Sakkwato ko Kantin Kwari ta Kano mafi yawansa zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, launinsa ba ya zuba, yana bushewa da wuri, shi ya sa ya karɓu. Amma ba ya shan zufa, kuma in ya taɓa wuta narkewa yake ya manne a fata. Ɗakin maijego kuwa ɗakin wuta ne: ga garwashin gashi, ga kaskon turare, ga tafasasshen ruwa ana shiga da shi ana fita. Shawul mai dogon geza a irin wannan ɗaki abin a kula ne ƙwarai. Sannan saboda kayan saƙa sun zama alamar gata, ana sa wa jariri su ko da ba lokacinsu ba ne. Na ga suna a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an naɗe yaro cikin hula da riga da safa da shawul don kada wadda ta kawo ta ji ba daɗi, wuyansa duk ƙuraje, yana ta kuka ana cewa ciwon ciki ne. Zaren auduga shi ya dace da bazara, kuma abin takaici ne a ce ƙasar da ta yi ƙarnuka tana kaɗin auduga yau mai saƙa ba ta samun zarenta cikin sauƙi sai na roba daga Sin.

Gwanjo da kayan kanti masu araha sun rage wa masu saƙa ciniki, wannan gaskiya ne, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa curin zare ya yi tsadar da ribar ta koma ba ta taka kara ta karya ba. Amma abin da ya fi taɓa sana'ar a Isa da Sabon Birni shi ne rashin tsaro. Tun 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. An kai hare-haren Garki da ƙauyukan kusa da ita a watan Mayun 2020. A 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layin waya, a Disambar shekarar aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda hanya ta zama haka, gwaggo ba ta tasowa daga wani gari don suna, ɗan kolin da ke kawo zare ba ya zuwa, bikin da ke riƙe da sana'ar ya tsinke. Kuma a daidai lokacin ne buƙatar ta ninka, domin mata na haihuwa a ajin makaranta da kangon gini da rumfar buhu, babu ɗakin jego, babu itace, babu ƙofar da za a rufe wa iska. Kwarashi na cikin 'yan kayan sana'ar da mace za ta iya sokewa a gashin kanta ta gudu da shi, kuma duk inda ta sami zare za ta ci gaba.

Wanda sana'ar ta fi mantawa da shi shi ne bakwaini. Masu saƙa na yin hula daidai kan jaririn da ya cika wata tara, wanda zagayen kansa ke kai santimita 34 ko 35, har ma su ƙara girma don ya daɗe yana sawa. A kan bakwaini, wanda kansa ƙarami ne ƙwarai, irin wannan hula zamewa take ta rufe masa hanci, sai a cire a ajiye. Shi ne kuwa sanyi ya fi kashewa. Dabarar ɗaure irin wannan jariri a ƙirjin uwa dare da rana, wadda likitoci suka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, ba ta buƙatar komai sai zane da hula da safa, kuma macen da ta saba goyo ba sai an daɗe ana koya mata ba. Goyon ne ya dawo gaba. A 2013 jihar Sakkwato ta fara raba maganin shafa wa cibiya har cikin ƙauyuka ta hannun mutanen unguwa, don a rage gasa cibi da abin da ke jawo cuta. Hanyar da ta kai wannan magani hannun ungozoma za ta iya kai ƙananan huluna, kuma ba sai an yo odarsu daga ko'ina ba. Matan da za su saƙa su suna nan cikin garin Isa da Sabon Birni, da yawansu 'yan gudun hijira ne da ke neman abin yi, kuma curi ɗaya na zare yana fitar da irin wannan hula fiye da ɗaya.