Sarautar Maƙera da Ƙungiyarsu a Ƙasar Daura

Maƙeran ƙasar Daura suna tafiyar da al'amuransu ta hanya biyu da suka sarƙe da juna. Akwai tsohuwar sarautar sana'a wadda Sarkin Maƙera ke riƙe da ita da yardar fada, akwai kuma ƙungiya irin ta zamani mai shugaba da sakatare da ma'aji. Babu mai cin albashi a cikinsu. Wanda aka ɗora wa shugabanci da safe yana bakin wutarsa kamar kowa, sai da la'asar ko ranar taro ya saurari ƙorafin 'yan'uwansa. Ƙarfin wannan tsari bai fito daga doka ko takarda ba. Ya fito ne daga kunya da zumunta, kuma wannan shi ke bayyana abin da ƙungiyar ta iya da abin da ya gagare ta.

Ƙira tana da gurbi a labarin kafuwar Daura kanta. A riwayar Bayajidda, sai da baƙon ya yada zango a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu wadda ke hana mutane ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. Labarin Kano ma ya faro da maƙeran Gaya da suka sauka a gindin Dala suna neman tama. Masana tarihi suna da ja a kan waɗannan riwayoyi, amma abin da suke nunawa a fili yake: Bahaushe bai taɓa tunanin sarauta ba tare da mai ƙera mata makami ba.

A zamanin da, kowace babbar sana'a tana da sarkinta, kamar Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Maƙera. M. G. Smith, wanda littafinsa kan tsarin mulkin Daura ya fito a 1978, ya sanya irin waɗannan sarautu cikin sassan da gwamnatin gargajiya ta ginu a kansu. Aikin Sarkin Maƙera shi ne ya tara kuɗin sana'a daga mutanensa ya kai fada, in kuma aikin sarki ya taso ya tara hannuwa. Fada na bukatar masu da takubba da kibau, da linzami da likkafa da ƙaimi, da mari na ɗaure fursuna, da ƙarafan ƙyauren ƙofar gari. Bukatar ta yi yawa a ƙarni na 19, domin bayan da jihadi ya kori gidan sarautar Haɓe daga birnin a wajen 1805 aka samu sarakuna masu hamayya a Daura da Zango da Ɓaure. A arewa kuma ga Damagaram, inda maƙeran Sarki Tanimu suka kai ga ƙera igwa. Da Turawa suka mayar da Malam Musa na gidan Haɓe kan gadon Daura a 1906, aikin makami ya ja baya, harajin sana'a ya narke cikin harajin kowa da kowa, sarautar kuwa ta rage da girmanta amma ba tilas a hannunta.

Wata babbar ɓaraka ta zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kafin nan ƙarfe daga ƙasa ake samunsa. A haƙo tama, a gina matoya, a kwana ana zuga, aiki ne da mutum ɗaya ba ya iyawa, shi ya sa yake haɗa dangi da gari. Da ƙarfen Turawa da tarkacen jirgi da na mota suka cika kasuwa, narka tama ta mutu sannu a hankali. A Adar ta ƙasar Nijar an ɗan jima da ita, har Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin aikin a shekarun 1960. Da mutuwarta maƙera suka rasa babban aikin gayyarsu, kowa ya koma yana sayen ƙarfensa da kuɗin aljihunsa.

Sana'ar kanta kashi biyu ce. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe: fartanya, garma, hauya, sungumi, magirbi, lauje, gatari, adda, wuƙa. Maƙeran fari suna aikin azurfa da tagulla da goran ruwa, suna yin zobe da munduwa da 'yan kunne da adon sirdi. Philip Jaggar ya yi bayanin wannan rabo dalla-dalla a nazarinsa na maƙeran birnin Kano wanda aka buga a 1994. A ƙasar Daura, mai gero da gyaɗa da ƙasa jigawa, na baƙi su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Na fari kakarsu ita ce lokacin hawa, musamman Sallar Gani, da lokacin bukukuwan aure.

Wanda ya shiga maƙera ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka zai ga dalilin da ya sa ake cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Rumfa ce ta kara ko ta tsohon kwano. Maigida na zaune gaban uwar maƙera, awartaki a hannun hagu. Yaro na gefe yana zuga, ko da zuga-zugin fatar akuya, ko da fankar da aka haɗa da wilin keke wadda ta kusa kore na fatar. An sa guntun sifirin mota a cikin gawayi. In ya yi jajir sai maigida ya zaro shi, manyan yara biyu su hau shi da guduma bi da bi, shi kuma yana juyawa yana nuna musu wurin bugu da masaɓa, ba tare da ya ce uffan ba. A mayar wuta, a sake fitarwa, har ruwan fartanya ya fito da faɗinsa da tsininsa. Sai a gasa tsinin a soka shi cikin ƙotar da aka saro wurin masassaƙi, hayaƙin ice ya turnuƙe rumfar. A waje manoma na tsugune da tsofaffin fartanyu da suka kawo koɗa, kowa na cewa gobe zai fita gona. Hannu uku zuwa huɗu wannan aiki ke ci, kuma daga nan rigimar da ƙungiya ta fi sasantawa take tasowa, wato rigimar yara.

Yaron maƙera yana fara zuga tun yana ƙarami, ya yi shekaru kafin a bar shi ya riƙe awartaki. Duk tsawon wannan lokaci maigida ke ci da shi. To, idan yaron ya fara iya aiki wani maƙeri ya janye shi da alkawarin ƙarin kuɗi daf da damina, an yi wa na farkon ɓarnar da kotu ba ta da sunanta. Nan ne ake kai magana gaban Sarkin Maƙera. Mai ƙara ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na raine shi, yau da ya zama mutum aka ɗauke mini." Ba a cika yanke hukunci nan take ba. A kira ɗayan, a kira uban yaron, dattawa su yi ta jan magana har kowa ya huce, daga ƙarshe ko yaron ya koma ya ƙarasa daminar, ko wanda ya ɗauke shi ya ba da haƙuri a bainar jama'a, wani lokaci da tarar goro. Haka ake yi da maƙerin da ya karɓi kafin alƙalami na garmar shanu bai cika alkawari ba, da wanda ya yi wa manomi aiki da ruɓaɓɓen ƙarfe ya karye a kunyar farko. Manomi ya fi son ya kai kuka nan da ya je wurin 'yan sanda, domin abin da yake so garmarsa ce kafin shuka ta wuce shi.

Hukuncin yana ci ne saboda mafi yawan maƙeran gari dangi ne ko surukai. Ƙira gado ce. Ba a rufe ta ruf kamar yadda take a wurin Buzaye ba, inda maƙera jinsi ne daban masu aure a tsakaninsu, kuma bare na iya koyo in ya jure, amma har yanzu ɗan gado ake fara saurara. Makamin ƙarshe da shugabanni ke da shi shi ne ƙaurace wa mai taurin kai: ba mai zuwa sunansa, ba mai ara masa guduma, ba mai saya masa gawayi in an tafi saye. A ƙauye wannan ya fi tara zafi. Kamfanin maƙeran Landan ya samu takardar izini daga Sarauniyar ƙasarsu tun 1571, da ikon bincika aikin kowane maƙeri a birnin. Na ƙasar Hausa ba su taɓa samun irin wannan takarda ba, ba su kuma hana kowa kafa rumfa ba.

Ƙungiya mai sakatare da littafi ta shigo ne da bukatar hulɗa da hukuma. Gwamnati da bankuna ba sa ba rawani rance, sai ƙungiya mai rajista da asusu. Saboda haka a garuruwan ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, abin da aka saba gani shi ne sarki ko wakilinsa ya zama uban ƙungiya, a zaɓi masu jini a jika, musamman wanda ya yi boko, su riƙe rubutu da kuɗi. Ana tara kuɗin mako ko na wata. Daga ciki ake kai gudunmawar suna da aure da rasuwa, a taimaki wanda rumfarsa ta ƙone ko tartsatsi ya taɓa masa ido. Wasu na haɗawa da adashi.

A nan raunin yake. Kunyar da ke sa a bi hukuncin dattijo ita ce ke hana a tambayi ma'aji lissafi, domin ma'ajin ƙanin uba ne ko suruki. Kuɗi kan shige a bashi tsakanin 'yan'uwa, ba mai iya buɗe baki, sai dai a ga mutane sun daina zuwa taro. Yawancin ƙungiyoyin da suka mutu ba faɗa ya kashe su ba, shiru ne. Wasu kuma ba sa farfaɗowa sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi ko zaɓe ya matso, sunaye su cika littafi, har da na waɗanda ba su taɓa riƙe masaɓa ba.

Daidaita farashi ma ya gagara. Ana iya zama a ce fartanya kaza ce, amma ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa, inda masu saye ke tsallakowa ta iyakar Kwangwalam daga Matamaye da Magarya da Damagaram, wanda ke bukatar kuɗin cefane kafin magariba zai karyar. Ba wanda zai iya hukunta shi, kowa ya san abin da ya koro shi. Kasuwar kuma tana rawa da iyaka: rufewar da aka yi a Agustan 2019, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk sun tsinke ciniki da aron hannu tsakanin maƙeran ɓangarorin biyu, waɗanda da yawansu kakansu ɗaya.

Inda haɗin kai ya fi amfani a zahiri shi ne sayen kayan aiki. Gawayin ƙirya maƙeri ke so, saboda yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Ƙirya kuwa ta yi ƙaranci a wannan yanki da hamada ke matsowa, sai an yo odarsa daga nesa, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a 2023. Ƙarfen ma yanzu da 'yan gwangwan ake kokawarsa, su da ke auna shi a sikeli su loda wa manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe. Mutum goma da suka haɗa kuɗi suka sayi lodi guda sun fi wanda ke sayen buhu ɗaiɗai samun sauƙi, kuma wannan lissafi ne da kowa ke gani a aljihunsa ba sai an yi masa wa'azi ba.

Akwai wani nauyi da matsalar tsaro a jihar Katsina ta ƙara wa shugabanni. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, alhali bindigar toka ta mafarauta tsohon aikin maƙera ce. Yau in an kama maƙeri ɗaya da wannan, sunan sana'ar gaba ɗaya ke ɓaci. Don haka Sarkin Maƙera ya koma mai tsayawa tsakanin mutanensa da jami'an tsaro, yana gargaɗi, yana shaidar wanda ya sani, yana kuma lura da baƙon da ya zo da aikin da ba a gane kansa ba. Haka batun ƙarfen sata, musamman yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura.

Ɓangaren al'ada yana nan, ko da ya yi sanyi. Dundufa ita ce kiɗan maƙera, kuma a bikin ɗan gado ko naɗin sarauta akan yi wasan wuta, a riƙa wasa da ƙarfen da ya yi jajir a hannu. Malamai sun yi ta suka a kan abin da ke cikinsa na tsafi, matasa da yawa sun bar shi. Maganin ƙuna dai har gobe ana zuwa nema gidan maƙera.

Tambayar da ƙungiyoyin ba su gama warwarewa ba ita ce ta 'yan walda. Garmar shanu, wadda ta fara yaɗuwa a Arewa daga ƙarshen shekarun 1920, da amalanke da ƙofar ƙarfe da injin casa, duk aiki ne da ke son walda, kuma can kuɗin yake. 'Ya'yan maƙera da yawa sun koma can, sun tarar da waɗanda suka koyo a makarantar sana'a ko a gareji, waɗanda ba su da gado kuma ba su ga dalilin durƙusa wa Sarkin Maƙera ba. A wasu garuruwan 'yan walda sun ware da tasu ƙungiyar. A wasu kuma ana zama tare, domin mai walda na kawo wa maƙeri bakin garma ya buga masa, maƙeri na kai masa abin da ya tsage ya liƙe, kuma sau da yawa rumfar uban da shagon ɗan bango ɗaya ya raba su.