Ganga a Rataye, Murya a Faifai: Tsokaci a Kan Adana Kiɗan Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a yi tsokaci a kan hanyoyi biyu da aka bi wajen adana kiɗan Hausa, wato ajiye kayan kiɗa a gidajen tarihi, da kuma ɗaukar muryoyin makaɗa a faifai da kaset. Zan ɗauki Gidan Makama na birnin Kano a matsayin misalin hanya ta farko, tsofaffin fayafayai da ajiyar gidajen rediyo kuma misalin ta biyu. Daga nan sai in auna su da ma'aunin ƙauye, wato ƙasarmu ta Shanono, inda noma shi ne babbar sana'a. Ra'ayina shi ne kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan rabin aiki ta yi, kuma dukkansu sun fi karkata ga fada da birni, sun bar gona a baya.

Kayan Kiɗa a Gidan Makama

Gidan Makama tsohon gida ne ƙwarai. Tarihi ya danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen aikin mulki, daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Ɗakunansa suna ba da labarin ganuwa da ƙofofi da sarauta da sana'o'i, a ciki kuma har da sashen kayan kiɗa. Wurin ya dace da su, domin littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Rumfa ya fara a Kano.

Dole a yaba wannan aiki. Kayan kiɗan Hausa daga itace da fata da duma da ƙwarya ake yin mafi yawansu, gara da ƙwaro kuwa ba sa raga wa irin waɗannan. Ɗalibin da ya tashi a birni, wanda bai taɓa ganin bambancin kotso da kalangu ba, a irin wannan wuri ne zai gani da idonsa. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

Amma fa a sha'anin kiɗa karin maganar nan ba ta ci ba, domin a nan ji ne ya kori gani. Mu ɗauki kalangu. Mai kallo zai ga ice mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu, da tsirkiya da ta haɗa su. Abin da ba zai gani ba shi ne yadda makaɗi ke matse tsirkiyar a hammata sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ke kwaikwayon karin sautin Hausa, har ya kira mutum da takensa, mai taken ya ji ya amsa. Haka kotso, wanda ake kaɗawa da yatsu, ɗan baƙin danƙon nan da ake liƙa masa a tsakiyar fata, wato nake, shi ke daidaita masa murya. In ya bushe ya faɗi, abin da ya rage gawa ce. Kuntigi kuwa gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya tak. Wanda ya gan shi a ajiye sai ya ɗauka abin wasan yara ne, alhali da shi Ɗanmaraya Jos ya yi suna har ƙasashen waje kafin rasuwarsa a 2015.

Bugu da ƙari, kowace ganga a ƙasar Hausa tana da masu ita. Kalangu asalinsa na mahauta ne, dundufa ta maƙera, tambari na sarki, garaya ta maharba da 'yan bori, shantu na mata a cikin gida. Idan aka jera su wuri ɗaya, aka rubuta wa kowanne suna kawai, an raba shi da jama'arsa ke nan. Wannan aibi ne na kowane gidan tarihi da ya tsaya ga nuna kaya, a nan ko a Turai.

Muryoyi a Faifai da Kaset

Hanya ta biyu ta kama abin da ta farko ta rasa, wato sauti. Tun zamanin garmaho kamfanonin faifai suka fara ɗaukar makaɗan Hausa. Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, gidajen rediyo suka zama manyan rumbunan waƙa, kuma da yawa daga cikin abin da muke saurare yau daga can ya fito. Sai kaset ya zo ya kai waƙa kowace tasha da kowane shagon tela. Albarkacin haka ne muke jin kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, da taushin Salihu Jankiɗi, da gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Choge, da kalangun Mamman Shata, mutumin Musawa, wadda ba ta da nisa da mu a ƙasar Katsina. Shata ya rasu a 1999, amma har yau muryarsa na tashi a motocin haya.

Sai dai na'ura tana da nata hukunci. Fuska ɗaya ta tsohon faifan garmaho ba ta wuce kamar minti 3 ba. Makaɗin Hausa kuwa ba ya waƙa da agogo. Yana duban wanda ya shigo fili ya ƙara masa ɗa, yana duban wanda ya yi rowa ya yi masa habaici, 'yan amshi na biye da shi. Shi ya sa waƙa ɗaya ta Shata za ka same ta iri-iri, gwargwadon wurin da aka yi ta. Wanda ya ɗauki abin da ke cikin faifai ya ce ita ce waƙar, ya ɗauki rana ɗaya ce daga rayuwarta. Wannan gargaɗi ne gare mu ɗalibai masu rubuta kundin digiri daga kaset guda.

Abu na biyu kuma shi ne zaɓe. Kamfani abin da zai sayu yake nema, rediyo kuma wanda ya yi suna yake gayyata. Saboda haka makaɗan sarakuna da na attajirai da na 'yan siyasa su suka cika ajiyar. Ba laifi ba ne a adana su, domin gwanaye ne. Laifin shi ne a ɗauka su kaɗai ne kiɗan Hausa.

Abin da Ya Rage a Gona

A ƙasar Shanono da maƙwabtanta, kamar Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa, gonaki a haɗe suke da juna, gero da dawa da gyaɗa da wake. Kiɗan irin wannan ƙasa na aiki ne. A da, in aka kira gayya, samari su jeru da garma a bakin kunya, mai gangar noma ya bi su a baya, ɗan kazagi na tallafa masa. Kowane gwarzo da takensa. Wanda ya ji nasa sai ya ƙara ƙaimi, wanda aka bari a baya kuma gangar ta faɗa masa abin da ba ya so ya ji. Gangar ita ce ke daidaita saran garma, ita ce alƙalin gasa, ita ce kuma mai riƙe da sunayen manoman da suka shuɗe. A cikin gida akwai lugude a bakin turmi da waƙar niƙa a kan dutse, da dare kuma 'yan mata su yi gaɗa a dandali.

Yau garmar shanu da maganin feshi da ƙwadagon kuɗi sun rage wa gayya ƙarfi, injin niƙa kuma ya kwantar da dutse. Ba na kukan dawowar wahala. Duk wanda ya taɓa wuni a sunkuye ba zai yi wannan kuka ba. Amma da aikin ya tafi, kiɗansa ya bi shi, kuma babu sarkin da zai riƙe makaɗin noma a fadarsa.

Wani zai ce ai akwai waƙoƙin noma a kaset, har Ɗanƙwairo ma ya yi su. Gaskiya ne, kuma suna da daraja. Amma waƙar yabon babban manomi daban, ganga a tsakiyar kunya daban. Ta biyun ba ta shiga ɗakin ɗaukar murya, domin rabinta ƙarar garma ce da ihun samari.

Abin lura shi ne baƙi sun riga mu gane haka. David Ames ya zauna a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960 yana ɗaukar kiɗan fada da na sana'o'i, aka buga wasu a faifai a Jamus cikin jerin UNESCO. Shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Daga cikin namu kuma, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. An share fage ke nan. Abin da ya rage shi ne a shiga ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya.

Darasi Daga Yamai

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanya. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989, inda ajiyar kayan kiɗan gargajiya da koyar da kiɗa suke gida ɗaya. Malam Mamman Barka, gwanin gurmi da ya yi aiki a can, ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna wurin wani tsoho Babuduma, ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 da siffar jirgin ruwa, wanda ya kusa ɓacewa. Ya dawo ya kaɗa shi, aka ɗauka, duniya ta ji, kafin ya rasu a 2018. Da rataye biram ɗin kawai aka yi, da yanzu sai dai a yi ta kallon ice.

Kammalawa

Shawarata guda uku ce. Ta farko, a haɗa hanyoyin biyu: duk gangar da aka ajiye a gidan tarihi a sa muryarta kusa da ita, tare da bayanin masu ita da lokacin da ake kaɗa ta, a riƙa kuma gayyato makaɗa su kaɗa a gaban 'yan makaranta. Ta biyu, a gaggauta juye tsofaffin tef da kaset zuwa kwamfuta. Tef yana lalacewa da zafi da danshi, na'urorin kunna shi kuma an daina ƙera mafi yawansu. A 2019 UNESCO ta yi wa duniya gargaɗi a kan wannan haɗari.

Ta uku tamu ce, 'yan wannan ƙungiya. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi rikodar da Ames ya riƙe sauƙin ɗauka. In an yi hutu, kowa ya nemi tsohon makaɗin noma na garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izininsa, ya ba shi haƙƙinsa. A ɗauki kiɗan, a tambaye shi ma'anar kowane take da mai shi, a rubuta sunan gari da shekara, a kawo wa malamanmu su ajiye inda kowa zai samu. Ganga in ta fashe ana iya sassaƙa wata. Taken da ke cikin kan tsoho kuwa, ranar da aka kai shi makwanci tare suke tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.