«Kamar Yadda Aka Turo Mini»: Nazari Kan Al'adar Tura Linki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk mai ɗan'uwa a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san abin da ake fara dubawa bayan sallar asuba. Tun kafin a dama koko an leƙa waya, a ga ko an kwana lafiya a 'Yankara, ko hanyar Sheme tana biyuwa, ko akwai inda aka yi rasuwa. A cikin saƙonnin da mutum zai tarar, da wuya a rasa mai ɗauke da wani siririn rubutu shuɗi wanda in ka latsa zai kai ka wani shafi na intanet. Matasa na kiransa linki, 'yan jarida kuma mahaɗi. Wannan saƙo ya riga ya samu siga da salo da kalmominsa na kansa, don haka ya cancanci a zauna a yi masa duban tsanaki kamar yadda ake yi wa waƙa ko tatsuniya.

Sigar saƙon

In ka jera irin waɗannan saƙonni za ka ga gaɓoɓi huɗu suna ta dawowa. Ta farko mabuɗi ce, aikinta ta tsayar da yatsan mai karatu: «Da ɗumi-ɗumi», «Albishirinku», «A yi hattara», ko salati in labarin mutuwa ne. Ta biyu taƙaitaccen bayani, layi biyu ko uku. Ta uku shi linkin kansa. Ta huɗu roƙo, kuma a nan gwanintar take: «don Allah kada ya tsaya a wajenka», «ka tura ko wani zai amfana», «sadaka ce mai gudana». Wanda ya tsara wannan gaɓa ya san Bahaushe. Ya san muna jin kunyar a ce mun danne alheri, muna kuma kwaɗayin lada.

Sai gaɓa ta biyar, wadda mai turawa ke liƙawa da hannunsa: «Kamar yadda aka turo mini.» A ido, wannan gaskiya ce da tawali'u, mutum yana cewa ba shi ya ƙirƙira ba. In ka ƙara dubawa, wanke hannu ne. Ma'anarta ita ce in abin ya zama gaskiya a gode mini, in ya zama ƙarya kada a tambaye ni. A ganina duk cutar wannan al'ada tana kwance a cikin wannan jimla guda.

Daga sankira zuwa waya

Isar da labari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Hakimi kan aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, sankira ya zaga gari yana shela, ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Direban motar kasuwa da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa da Sheme shi ma ma'aikacin gidan waya ne ba albashi: ya kai wasiƙa, ya kai goron ɗaurin aure, ya dawo da farashin masara. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikinsu yana da fuska da suna da gida. Sankira ba ya shelar abin da ba a sa shi ba, domin gobe za a neme shi. Direban da ya cika kawo ƙarya, a tasha ma an san shi, ana jin zancensa da kunne ɗaya.

Makarantun zaure sun ƙara mana wani ma'auni. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji ana cewa wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Isnadi ke nan, kuma malamai sun ɓata shekaru suna bin rayuwar maruwaita don su san wa ke da riƙo, wa ke da mantuwa, wa ke ƙari. Aya ta shida a Suratul Hujurati ta yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Mun gaji wannan tarbiyya tun kafin layukan salula su shigo Najeriya a 2001.

Ita ma ƙaryar da ake roƙon a yaɗa tana da tarihi. Manyanmu sun san takardar nan da ake dangantawa da wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Madina, wadda ke yi wa wanda ya kwafa ya raba alkawarin arziki, ta yi wa wanda ya ƙi barazanar musiba. Ta zaga ƙasashen Musulmi shekaru da yawa, har Sheikh Abdul'aziz bin Baz ya yi rubutu na musamman yana ƙaryata ta. Bambancin shi ne a da sai ka nemi takarda da alƙalami, daga baya ka biya kuɗin hoton takarda. Yau latsawa biyu ta isa, kuma wahalar da ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani ta kau.

Linki manzo ne marar fuska. Ba ya cewa ga wanda ya aiko shi. Fuskar da mai karɓa ke gani ita ce taka, kai da ka tura. Tsohuwa a Ɗandume ko manomi a Daudawa ba su san mai shafin ba, ɗansu da ke karatu a Zariya suka sani, ko malamin makarantar da suke girmamawa. Mutuncinka ne hatimin da ke kan saƙon, ko ka buɗe shi ko ba ka buɗe ba.

Abin da ya sa aka rungume shi

Zalunci ne a yi magana kamar al'adar ba ta da amfani. Ɗalibin da ke Sabuwa, kusa da iyakar Birnin Gwari, ta linki yake sanin an buɗe rajistar JAMB ko sakamakon NECO ya fito, ba sai ya kashe kuɗin mota zuwa Funtuwa don tambaya ba. Ta nan ake samun karatun tafsirin da aka yi a Kano ko Sakkwato, da cigiyar yaro, da sanarwar neman jini ga mai haihuwa, da rahoton BBC Hausa ko Aminiya kan abin da ya faru a ƙauyen da babu ɗan jarida. A yankin da hanya kan gagari mutum bayan la'asar, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Sai dai akwai wasu halaye na wurin da ke lanƙwasa al'adar. Data tana da tsada, sabis kuma yana rawa, don haka mutane da yawa kanun da ke bisa linkin kawai suke karantawa su tura. Da yawa kuma ba sa karanta boko ko Turanci, sai wani ya buɗe ya fassara musu da saƙon murya. Wannan saƙon muryar shi ke ci gaba da tafiya, linkin ya faɗi a hanya. Kafin ya kai waya ta goma, «ana zargin» ta koma «an tabbatar», mutum uku sun zama talatin. Hujjar da linkin ya zo da ita tana nan, ba wanda ya duba.

Darussa biyu daga yankin

Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji. A kwanaki shidan da suka biyo baya, iyaye sun rayu ne tsakanin ƙofar makarantar da fuskar waya. Alƙaluma suka yi ta saɓawa. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce ana neman 333, wasu rahotanni suka ce sun fi haka. Aka saki wata murya da aka ce ta Abubakar Shekau ce tana iƙirarin mutanensa ne suka yi, sannan bidiyon yaran ya fito. Ranar 17 ga wata aka sanar da an sako ɗalibai 344. Turawar da aka yi ta yi ce ta kai kukan Ƙanƙara kunnen duniya, ta hana a binne maganar. Ita ce kuma ta riƙa jefa wa uwa labari bayan labari, wani ya ɗaga ta wani ya kayar, ba ta san wanda za ta kama ba. Su ma masu laifin sun san da wannan hanya: muryar da bidiyon an yi su ne don a tura, kuma duk wanda ya tura ba tunani ya taya su aiki kyauta.

Darasi na biyu ya zo a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, bayan an yi haka a Zamfara. An ɗauki watanni a haka. Mutane suka koma rediyo da bakin direbobi, wasu suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su sami inda waya za ta kama. Masu POS suka tsaya, ɗan da ke Legas ya kasa jin muryar mahaifiyarsa, ƙauyen da aka tunkaro ya rasa yadda zai kira ɗauki. Jita-jita kuwa ba ta mutu ba, ƙafa ta ara ta ci gaba da yawo. Wannan ya nuna cewa toshe hanya ba ya maganin ƙarya, kuma laifin ba na na'ura ba ne kaɗai.

Tarkon tallafi

Mafi muni a cikin nau'o'in linki shi ne mai zuwa da albishir. Tun da aka fara N-Power a 2016, aka kuma yi rancen korona a 2020, mutane suka saba cewa taimakon gwamnati ta intanet ake nemansa. 'Yan damfara suka shiga ta wannan ƙofa. Za su gina shafi mai tambarin gwamnati da hoton shugaba, su ce ana raba jari ko taki ko data kyauta, ko ana ɗaukar aiki. Ka sa suna da lambar waya, sai a ce ka tura wa zaurukan WhatsApp biyar kafin a kammala maka. Daga nan a nemi BVN ko lambar katin banki, ko a ce ka karanto wasu lambobi shida da aka aiko maka. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin asusunka ko na WhatsApp ɗinka. Da ka bayar, sai a shiga da sunanka ana roƙon 'yan'uwanka kuɗi.

Wanda aka raba da gonarsa, aka kore masa shanu, ya sayar da abin da ya rage ya biya kuɗin fansa, shi ya fi kowa saurin latsa irin wannan linki. Ba wauta ba ce, buƙata ce. Shi ya sa nake ganin tura masa shi ba bincike ya wuce sakaci, ya kai ga cin amana. Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne: shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci da gov.ng suke ƙarewa, babu hukumar da ke sharɗanta sai ka tura wa wasu kafin ta ba ka haƙƙinka, kuma banki ba ya tambayar lambar sirri.

Kamfanin WhatsApp ya yi nasa ƙoƙarin. A 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya mai da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. Wannan ya rage gudu. Amma wanda ya tuna daren ruwan gishiri na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi gari da kiran waya da saƙon tes ana cewa a sha a yi wanka, har wasu suka rasa rai, ya san saƙon da ya fito daga masoyi ba ya buƙatar gudu kafin a yarda da shi.

A mai da wa saƙo fuskarsa

Gyaran yana hannun mai turawa, kuma ba sabon ilimi yake buƙata ba. Kafin ka tura, ka buɗe. In ba ka da datar buɗewa, ba ka da hurumin turawa. Ka dubi kwanan wata, domin hoton harin bara yakan dawo bana ya watsa kasuwa. Sannan ka rubuta layi ɗaya da bakinka: na karanta, daga wuri kaza yake, ranar kaza aka wallafa. In labarin tsaro ne, ka kira mutum ɗaya a garin, ka kuma bambance abin da ya gani da abin da ya ji, tun da gani ya kori ji. Ka tuna cewa ambaton sunan mutum a matsayin mai kai wa ɓarayi rahoto na iya jawo a kashe shi kafin magariba, magana kuwa zarar bunu ce. In kuma ka tura abu ya tabbata ƙarya, ka koma inda ka tura ka janye, da sunanka, a fili.

Limamai da malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin matasa suna da rawar takawa, domin da harshen lada ake yaɗa yawancin waɗannan saƙonni, da harshen amana kuma za a gyara su. Masu kula da zauruka su ma su san kujerar mai unguwa suke kai: abin da aka yi shela a ƙofarsu, su za a tambaya.

Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun ga ranar da labarin gaskiya ya kuɓutar da ƙauye, sun ga ranar da na ƙarya ya sa mata da yara kwana a daji ba dalili. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai in abin da kunnen ya ji gaskiya ne. Gobe da asuba, in yatsanka ya kai kan alamar turawa, ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a ƙofar masallaci ka faɗi wannan magana da bakinka, kowa yana kallon fuskarka. In za ka iya, ka sa sunanka ka tura. In ba za ka iya ba, ka bar ta ta tsaya a wajenka.