Duwatsun Dutse da Mai Zanen da Bai Fito Waje Ba

Duk wanda ya lura da bangon gidajen abinci, shagunan aski da ɗakunan ɗaukar hoto a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu, ko ya taɓa bin bayan babbar mota a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya san irin zanen da ake yi: ruwa na kwararowa daga tsauni, dutse mai ƙanƙara a ka, bishiyar kwakwa a bakin teku. Sau da yawa hannun gwani ne ya yi shi, layi a miƙe, launi ya zauna. Abin da babu a ciki shi ne ƙasar da mai zanen yake takawa kullum. An kwafo hoton daga kalanda ko daga waya, kalandar ma daga wata ƙasa ta zo. Ra'ayina shi ne zanen shimfiɗar ƙasa ba zai zama namu ba sai ranar da mai zane ya ɗauki allonsa da fentinsa ya fita, ya zauna gaban abin da zai zana.

Fita waje ba ado ba ce a wannan sana'a, ita ce tushenta. A Turai ma sai da Ba'amurke John Rand ya ƙirƙiro bututun matsa fenti a 1841 kafin ɗaukar kaya zuwa daji ya yi sauƙi, sannan irin su Claude Monet a Faransa suka riƙa zana wuri ɗaya sau da yawa don su kama yadda haske ke sauya shi. Wannan dalili ya fi ƙarfi a nan. Duwatsun da suka kewaye Garu, a cikin Dutse, ba launi ɗaya suke da shi ba: da hantsin bazara fari-fari ne mai kashe ido, bayan ruwan sama su yi duhu suna sheƙi, da hunturu kuma hazo ya shafe gindinsu har su zama kamar a iska suke rataye. Wanda yake kwafo daga kalanda zai cika gawo da ganye a tsakiyar damina, alhali kowane manomi ya san gawo da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya yi kore shar. Zai ba dabino siffar kwakwa, ya kasa raba giginya da goruba, wadda ita gangar jikinta rassa take yi. Irin wannan sani ba a samunsa sai da zama a wurin, da rana da ƙura.

Hujja mafi ƙarfi tana nan kusa, a Birnin Kudu. Zane-zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, suna nuna shanu, kuma a cikinsu akwai marasa tozo, saɓanin waɗanda makiyaya ke korawa a yankin yau. Ba mu san sunayen masu zanen ba, amma da yake abin da idonsu ya gani suka sa a dutse, sun bar shaidar wata rayuwa da ta shuɗe. Da zanen bangon shagunanmu ne kaɗai zai rage bayan shekara ɗari uku, mai bincike zai ɗauka a bakin teku muke zaune.

Za a ce addini fa? Tambaya ce ta gaskiya, ba kuma a raina ta. Sai dai saɓanin malamai a kan siffanta abu mai rai yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya tsoratar da shi game da siffanta masu rai, sannan ya nuna masa bishiya da abin da ba shi da rai. Ke nan dutse, fadama, rumbu da tarin karan dawa bayan girbi suna cikin abin da aka buɗe wa ƙofa. Cikin dukkan nau'o'in zane, babu wanda ya fi wannan dacewa da garin Musulmi.

Wasu kuma za su ce waya ta gama magana, tunda kowa na da kyamara a aljihu. Kyamara tana ɗaukar daƙiƙa guda, ta kwashi komai ba zaɓi. Mai zane yakan yi awanni yana kallo, ya bar wani abu, ya ƙarfafa wani, kuma wannan zaɓin shi ne ra'ayinsa game da wurin. Batun cewa al'adar Turawa ce kuwa, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, sun riga sun amsa shi da aiki: a karɓi kayan aiki daga ko'ina, a zuba abin gida a ciki. Farfesa Jerry Buhari na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana zane a kan lalacewar muhalli, wanda ke nuna ƙasar Arewa ta isa a yi tunani mai zurfi a kanta da launi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kasuwa. Mai zane abin da aka biya shi yake yi, mai shago kuwa yana son bango mai sanyi, mai ruwa, wanda zai mantar da abokin ciniki zafin waje. Ba za a zargi wanda ke neman abincin iyalinsa ba. Amma son abu daga gani yake farawa, kuma ba a taɓa nuna wa mai shagon Dutsen da aka zana da kyau ya ƙi ba. Tun da garin Dutse ya zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine ke cin gonaki, masu fasa dutse kuma na aiki, don haka abin da ba a zana yanzu ba wataƙila ba za a same shi ba. Ofisoshin gwamnati, otal-otal da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, suna da bangaye masu yawa. Su ba masu zanen garin aiki da kuɗi mai kyau, bisa sharaɗi ɗaya: a je wurin a zana, kada a kwafo.